Allunan gefen titi a Catasauqua da labarin da ke bayansu

A jihar Fensilbeniya ta Amurka akwai wasu alluna shuɗaye masu rubutu ruwan zinare da ake kafawa a bakin titi, kowanne ɗauke da 'yan layuka kan wani abu da ya taɓa faruwa a wurin. Hukumar tarihi ta jihar ce ke kafa su tun 1946, kuma yanzu sun haura 2,000. Akwai wani ɗan gari a bakin kogin Lehigh, arewa da birnin Allentown kaɗan, sunansa Catasauqua, mutanensa kimanin 6,500 ne, amma in ka bi titunansa da ƙafa zaka ci karo da irin waɗannan alluna ɗaya bayan ɗaya. Akwai na masana'antar ƙarfe ta Crane, akwai na wani mutum David Thomas, akwai na kamfanin da ke ƙera takalman dawaki, da na masaƙar siliki, da na gidan George Taylor wanda ke cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin Amurka ta 1776.

Matsalar allo ita ce ana kafa shi ne a inda abu ya faru, ba a bin jerin lokaci, shi ya sa mai wucewa zai karanta na 1897 kafin na 1840, kuma kowanne na tsaye shi kaɗai kamar babu abin da ya haɗa shi da na gaba. Alhali duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Ni abin da na fahimta shi ne garin nan ba hazaƙar mutum ɗaya ce ta kafa shi ba duk da haka allunan ke sa mutum ya ɗauka, wani kamfanin kwal ne da ya haƙa kanal, wato hanyar ruwa ta jiragen kaya, ya rasa isassun masu sayen kayansa, sai ya tashi ya ƙirƙiro wa kansa kwastoma. In ka riƙe wannan sai sauran allunan su fara ma'ana.

Bari mu fara daga kwal ɗin. A duwatsun arewa maso gabashin jihar akwai wani kwal mai tauri da sheƙi da ake kira antarasayit, kusan duk jikinsa kabon ne, ba ya hayaƙi sosai kuma in ya kama yana da zafi matuƙa, amma fa kafin ya kama sai an sha wuya. An gano shi a yankin Summit Hill tun 1791, sai dai shekara da shekaru mutanen Filadelfiya kallon dutse suke masa, ka kai musu su ce ka kawo musu tsakuwa. Wasu 'yan kasuwa biyu, Josiah White da Erskine Hazard, masu masana'antar waya a kusa da Filadelfiya, su ne suka gwada shi suka tabbatar yana aiki in an san yadda ake ba shi iska, daga nan suka karɓi hayar filayen kwal ɗin suka kafa kamfanin da ya zama Lehigh Coal and Navigation. To ga kwal a kan dutse, ga kasuwa a birni, tsakani kuma kogi ne mai duwatsu da gangara wanda jirgin kaya ba ya iya hawa ya dawo. Da farko wasu kwale-kwalen katako suke haɗawa su loda su gangara da su, in sun isa a wargaza a sayar da katakon, ma'aikata su tako da ƙafa su dawo gida. Kaga wannan ba harka ce mai ɗorewa ba, daji ma ƙarewa zai yi.

Shi ya sa tsakanin 1827 da 1829 suka haƙa kanal, mil 46 daga Mauch Chunk, garin da yanzu ake kira Jim Thorpe, har zuwa Easton inda Lehigh ke faɗawa kogin Delaware. Wanda ya san kanal ɗin noman rani kar ya ɗauka irinsa ne, wannan hanya ce ta jiragen kaya, faɗinta kusan ƙafa 60 a sama, da gaɓa a gefe inda alfadarai ke tafiya suna jan jirgi da igiya. Tunda ƙasar gangara ce sai aka yanka hanyar hawa hawa, a kowane hawa akwai wani ɗaki na ruwa mai ƙofa gaba da baya, jirgi ya shiga a rufe, a cika ruwa ya tashi sama ko a rage ya sauka, sannan a buɗe ɗaya ƙofar ya wuce. Ku riƙe maganar wannan ɗakin ruwan, domin duk inda ruwa ke faɗowa daga sama zuwa ƙasa akwai ƙarfin da zai iya juya inji, kuma kamfanin ya san yana da wannan ƙarfin a hannunsa yana zuba a banza.

Kanal ya ci kuɗi mai yawa, kuma sayar da kwal don ɗumama ɗaki da girki kaɗai ba zai biya ba. Abin da ke cin wuta da gaske a lokacin shi ne narka tama. Amurka kuwa da gawayin itace take narka ƙarfenta, ana ƙiyasta tanderu ɗaya kan cinye itacen kusan eka guda a rana, saboda haka tanderun duk a daji suke, ƙanana ne, kuma da daji ya ja baya sai tsada ta ƙaru. Ingila ta riga ta koma kwal tuni tana zubo wa Amurka ƙarfe mai araha, har layin dogo daga can ake sayowa. White da Hazard sun ga cewa in har antarasayit zai narka tama, to kowace tanderu da za a gina a bakin kanal ɗinsu zata sayi kwal a wurinsu, ta biya kuɗin dakon kwal ɗin, ta biya kuɗin ruwan da ke juya mata inji, in ta gama kuma ta sake biyan kuɗin dakon ƙarfen zuwa kasuwa. Riba huɗu a kan kwastoma ɗaya. Sun gwada da kansu a Mauch Chunk abin bai yi ba.

Dalilin da bai yi ba shi ne iskar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda zuga-zugi ke hura gawayi ya san iska ce ran wuta, to tanderun narka tama ma haka take sai dai inji ne ke hurawa. Gawayi na da ramuka a jikinsa, iska mai sanyi ma ta ishe shi, amma antarasayit a cure yake, in ka hura masa iska mai sanyi sai ta ƙara kwantar da wutar, abin da ke ciki ya daskare ya toshe tanderun. A 1828 wani ɗan Sikotlan, James Beaumont Neilson, ya yi rajistar dabarar gasa iskar tukuna kafin a tura ta ciki. A kudancin Wales, inda su ma suke da irin wannan kwal, akwai masana'antar Ynyscedwyn ta George Crane, manajanta kuma shi ne David Thomas, su ne a 1837 suka haɗa iska mai zafi da antarasayit ƙarfe ya fito lafiya lau. Wani ɗan'uwan White mai suna Solomon Roberts yana Birtaniya a lokacin kan harkar layin dogo, ya je ya gani ya aiko da labari gida.

Daga nan abin ya tafi da sauri. Kamfanin kanal ya yi tayin ba da haƙƙin ruwa ga duk wanda zai zuba dala 30,000 ya gina tanderu ya tafiyar da ita wata uku da antarasayit zalla, kuma mutanen kamfanin ne dai suka haɗu suka kafa Lehigh Crane Iron Company don cin wannan tayin. Hazard ya tsallaka teku da kansa, ranar 31 ga Disamba 1838 ya sa hannu da Thomas, albashi fam 200 a shekara har tanderu ta fara aiki, daga nan ya koma 250, kuma duk tanderun da aka ƙara a ƙara masa 50. Dubi tsarin albashin nan da kyau, mutanen ba tanderu ɗaya suke lissafi ba tun ranar farko. Thomas na da shekara 44 a lokacin, ya kwaso iyalinsa suka iso a tsakiyar 1839, wurin kuwa ƙauye ne da ake kira Biery's Port, 'yan gidaje da gonaki da injin niƙa. An zaɓi wurin ne saboda akwai ɗakin ruwa na kanal a nan wanda faɗuwar ruwansa zata juya babbar ƙafar da ke tuƙa injin hura iska, ga tama a gonakin yankin, ga dutsen farar ƙasa wanda ake zubawa don ya kwashe dattin tama ya fita a matsayin kashin maƙera, ga kwal na gangarowa ta ruwa har bakin ƙofa. Ranar 4 ga Yuli 1840 aka zubo ƙarfen farko, kuma tanderun ta riƙa ba da kimanin tan 50 a sati.

Anan ne ya kamata mai karanta allo ya nutsu. Zaka ji ana cewa nan ne aka fara narka ƙarfe da antarasayit a Amurka, har wasu na kiran garin mahaifar juyin masana'antun ƙasar. Gaskiyar ta fi haka sarƙaƙiya. Wani Frederick Geissenhainer ya samu rajistar irin wannan dabara a Amurka tun 1833 ya kuma gwada ta, sannan a Pottsville tanderun William Lyman ta yi aiki da antarasayit wata uku a jere daga ƙarshen 1839, wato kafin ta Catasauqua ta kunna. Abin da ya bambanta ta Thomas shi ne ta ci gaba, ta kawo riba, aka gina ta biyu da ta uku, zuwa 1850 sun zama biyar. Shi ya sa masu rubutu da hankali ke cewa ita ce ta farko da ta yi nasara a kasuwance. Kuma me ya sa ita ta ɗore sauran suka mutu? Thomas gwani ne, wannan ba musu, ya yi shekara ashirin yana wannan aiki kafin ya zo. Amma kuma bayansa akwai kamfani mai kwal, mai hanya, mai ruwa, mai jari, wanda ko ambaliyar Janairun 1841 da ta lalata kanal ta tsayar da aiki ba ta sa ya janye ba. Masu gwajin baya galibi ba su da irin wannan gata. Allo na da wurin sunan mutum ɗaya da shekara ɗaya, ba shi da wurin wannan bayanin, kuma a ganina bayanin ne ainihin tarihin.

Ban faɗi haka don rage wa Thomas daraja ba, mutumin ya gina garin da gaske. Shi ya tsara gidajen ma'aikata, ya kafa coci, ya tsaya kan hana shan giya, da aka mai da wurin ƙaramar hukuma mai zaman kanta a 1853 shi ne shugabanta na farko, mutane har Papa Thomas suke ce masa. A 1854 shi da 'ya'yansa da wasu masu jari suka buɗe Thomas Iron Company a Hokendauqua, tsallaken kogi. Ya rasu a garin a 1882. A tsakiyar shekarun 1850 ƙarfen antarasayit ya wuce na gawayi yawa a Amurka baki ɗaya, kuma kwarin Lehigh ya cika da gomman tanderu.

Sauran allunan duk 'ya'yan wannan tanderun ne. Abin da ke fitowa daga tanderu ɗanyen ƙarfe ne, sanduna masu nauyi da ba a amfani da su haka nan sai an sake narkawa ko an murɗa, kuma tunda dakonsa tsada ne ya fi sauƙi mai sarrafa shi ya zo ya zauna kusa. Haka aka samu masu murza ƙarfe da masu zubi. Kamfanin Bryden da aka kafa a 1882 takalman dawaki kawai yake yi, kar ka raina wannan, a zamanin da doki ne ke jan kaya da taragon cikin gari da igwar soja takalmin doki kamar tayar mota yake a yau, kuma Bryden ya kai ga sayar wa sojojin Birtaniya lokacin yaƙin Boer a Afirka ta Kudu. Mota na yawaita kasuwarsa ta tafi. Davies and Thomas kuma zubi suke yi, su ne suka zuba manyan faifan ƙarfe da ake jerawa a yi bangon ramin da ke bi ta ƙarƙashin kogi, har da ramin Holland da aka buɗe a 1927 da na Lincoln, waɗanda ke haɗa Niyu Yok da Niyu Jazi. Wato mutane dubbai na bi ta cikin ƙarfen wannan ɗan garin kullum ba tare da sun taɓa jin sunansa ba.

Allon siliki ne ya fi ba mutane mamaki, me ya kawo siliki garin hayaƙi da ƙarfe? D. George Dery ya gina masaƙarsa a nan a 1897, ya bunƙasa har ya shiga sahun manyan masu saƙa siliki na duniya, ya gina katafaren gida a garin, sannan kamfanin ya durƙushe a shekarun 1920. Allo zai ba ka wannan. Abin da ba zai ba ka ba shi ne dalilin zuwan. Cibiyar siliki a Amurka garin Paterson ne a Niyu Jazi, ma'aikatan can kuma sun iya yajin aiki suna neman albashi mai kyau, sai masu masaƙu suka fara duba garuruwan kwal da ƙarfe na Fensilbeniya inda maza ke da aiki amma albashin bai isa gida ba, mata da 'yan mata kuma babu inda zasu yi aiki. Ma'aikata masu araha a zaune, ga kwal na injin tururi, ga jirgin ƙasa zuwa Niyu Yok. Saboda haka masaƙar siliki shaida ce a kan albashin tanderu, ko da babu allon da ya rubuta haka. Yarinyar da ke tsaye gaban injin zare tun safe 'yar mutumin da ke gaban wuta ce.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna. Mutanen garin na alfahari da cewa wajen 1900 babu garin da ya kai nasu yawan miloniyoyi in aka auna da yawan jama'a, kuma manyan gidajen na nan har yau ana zagayawa a gani. To amma tanderu ba ta san dare ba ba ta san Lahadi ba, in ta mutu abin da ke cikinta ya daskare to gyaranta aikin watanni ne, shi ya sa ma'aikata ke yin awa 12 a jere, kashi biyu, kuma a masana'antun ƙarfe na zamanin ranar da za a juya masu dare su koma rana akwai waɗanda ke kwana su wuni a tsaye. Akwai masu tura baro cike da tama da kwal zuwa bakin tanderu ta sama inda iskar gas ke fitowa, akwai masu buɗe ramin ƙasa ruwan ƙarfe ya kwararo cikin yashi, akwai masu fasa sandunan da guduma su ɗauka da hannu tun da sauran zafi. Da farko 'yan Wales ne ke riƙe da aikin gwaninta, 'yan Ailan da Jamusawan yankin na aikin ƙarfi, daga baya mutanen gabashin Turai irin su Sulobak da 'yan Hangari suka shigo suka karɓi mafi wuyar. A kan kanal kuma iyali guda ne kan riƙe jirgi, uba na tuƙi, yaro ko yarinya na gaɓa tana kora alfadarai tun asuba har dare, tafiyar mil da yawa a ƙasa kowace rana. Waɗannan mutanen su ne mafi yawan waɗanda suka rayu suka mutu a Catasauqua, amma sunayen da ke saman allunan na masu kamfani ne.

Ba wai wani ne ya zauna ya ƙulla a ɓoye su ba, tsarin ne ke haifar da haka. Kowa na iya rubuta wa hukumar tarihin jihar ya nemi a kafa allo, amma sai ya nuna abin na da muhimmanci ga jiha ko ƙasa baki ɗaya ba ga unguwa kawai ba, masana su duba. Rubutun kuma 'yan layuka ne. In an ce ka tabbatar da muhimmanci cikin layi biyar me zaka rubuta in ba na farko ko mafi girma ba? Sannan takardun da suka rage na kamfani ne, kwantiragi da littafin lissafi da wasiƙun manaja, shi kuwa mai tura baro bai bar takarda ba sai dai sunansa a rajistar coci. Mai neman hujja dole inda hujja take zai je.

Gidan George Taylor na tsaye a kan tudu tun 1768, ya girmi garin da kanal ɗin duka. Labarinsa na da daɗin faɗa, ya zo daga Ailan a 1736 a matsayin bawan kwantiragi, wato wanda zai yi wa wani aiki na shekaru don biyan kuɗin jirginsa, ya fara a masana'antar ƙarfe, ya zama mai riƙe da tanderun Durham wadda ta zuba harsashin igwa ga sojojin yaƙin neman 'yancin Amurka, ya kuma sa hannu a takardar 'yanci. Duk gaskiya ne. Haka kuma gaskiya ne cewa lokacin da ya rasu a 1781 akwai bayi biyu a cikin dukiyar da ya bari. Ƙasar da gidan ke kai kuma tana cikin yankin da aka karɓe daga mutanen Lenape, 'yan asalin ƙasar, a 1737 ta hanyar wata yaudara, 'ya'yan William Penn, Baturen da ya kafa Fensilbeniya, suka fito da wata tsohuwar takarda wai an sayar musu da ƙasa iya tafiyar mutum ta yini ɗaya da rabi, sai suka share hanya tukuna suka ɗauko masu gudu uku, ɗayansu Edward Marshall ya ci sama da mil 60, aka ja layi aka kwashe kimanin eka miliyan 1.2. Jikokin Lenape yau suna Oklahoma da Wisconsin da Ontario ta Kanada, sunan garin kansa kuwa daga harshensu yake. A 'yan shekarun nan hukumar ta sake duba allunanta kan yadda suke magana a kan 'yan asalin ƙasar da baƙaƙen fata, ta cire wasu ta gyara rubutun wasu, an kuma yi ta cece-kuce a kai. Ni ina ganin gyaran ya dace, allo na ɗauke da hatimin jiha, yaro ɗan makaranta ɗauka yake abin da ke kai shi ne magana ta ƙarshe.

Sai kuma faɗuwa, wadda alluna kan taƙaita da cewa an rufe a shekara kaza. Kanal ne ya fara jin jiki. Da sanyi ya kama ruwan daskarewa yake, wata uku ko fiye babu jirgi, tanderu kuma ba ta hutu, dole a tara kwal tun kaka. Jirgin ƙasa bai san wannan ba. A 1855, shekarun da kanal ke kan ganiyarsa yana ɗaukar sama da tan miliyan ɗaya, layin dogon Lehigh Valley na Asa Packer ya buɗe a gefen kogin. A 1862 ambaliya ta wargaza ɓangaren kanal na sama da ke kaiwa White Haven ba a sake gina shi ba, na ƙasa ya ci gaba da jan ƙafa har shekarun 1930, ambaliyar 1942 ta ƙarasa shi. Su kansu kamfanonin Crane da Thomas sun haɗa kuɗi sun shimfiɗa nasu layin dogo zuwa Fogelsville don kawo tama, injin tururi kuma ya maye gurbin ƙafar ruwa, wato kwastoman da kanal ya haifa ya daina buƙatarsa.

Ƙarfen ma abin da ya ɗaga shi ne ya sauke shi. An zaɓi Catasauqua ne saboda a 1840 nan ne wuta da tama da hanya suka haɗu a farashi mafi sauƙi. Bayan shekara talatin da wani abu mahaɗar ta koma yamma. Kwal mai laushi na yankin Connellsville da ke yammacin jihar in an gasa shi ya zama kok yana da ramuka kamar gawayi, yana ci da sauri, yana ɗaukar nauyin tanderu mai tsawo, a 1875 ƙarfen da ake yi da shi ya wuce na antarasayit. Tamar yankin tafkin Superior, musamman ta Mesabi daga shekarun 1890, ta fi ta gonakin Lehigh kyau da yawa kuma ta ruwa ake kai ta kusa da Pittsburgh. Kasuwa kuma ta koma son sitil, wato ƙarfen da aka ƙara tacewa ya fi ƙwari, layin dogon sitil ya fi na ƙarfe daɗewa nesa ba kusa ba, kuma yin sitil sai babban kamfani mai haɗa komai a wuri ɗaya. Maƙwabciyarsu masana'antar garin Bethlehem ta yi wannan tsallen ta rayu har 1995, Crane ba ta yi ba, ta tsaya tana sayar da ɗanyen ƙarfe ga wasu, aka sayar da ita a 1899, ta yi ta canza hannu har wutar ta mutu kafin yaƙin duniya na biyu. Babu wanda ya yi sakaci na musamman a garin, lissafin dako da makamashi ne ya juya musu baya kamar yadda ya taɓa juya wa masu tanderun gawayi na daji.

Filin masana'antar daga baya kamfanin Fuller mai kayan injin siminti ne ya yi amfani da shi, da shi ma ya tashi ƙaramar hukumar ta saye shi a 2013 ta gina ofishinta da na 'yan sanda da 'yan kwana-kwana a wani ɓangare, sauran ana ta neman yadda za a mai da shi gidaje da shaguna. Masaƙar Dery ta zama gidajen haya. Gaɓar da alfadarai ke bi ta shiga cikin doguwar hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa da ke bin tsohon kanal, a Easton kuma akwai gidan tarihin kanal inda har yanzu alfadarai ke jan jirgi don baƙi su gani.

Abin da nake fata shi ne a wannan filin a samu rubutu a kan ma'aikatan awa 12 da yaran gaɓa da 'yan matan masaƙa, da girma ɗaya da na masu kamfani. Ba abu ne da ba a taɓa yi ba a yankin. A Lattimer kusa da Hazleton, cikin filayen antarasayit ɗin da irinsa ya hura tanderun Lehigh, ranar 10 ga Satumba 1897 jami'an tsaron gundumar suka buɗe wuta kan masu haƙar kwal da ke tattaki ba makami, suka kashe 19, yawancinsu baƙi daga gabashin Turai, kotu kuma ta wanke waɗanda aka gurfanar. Sai a 1972 aka kafa abin tunawa da su a wurin, shekara 75 bayan kisan, kuma ƙungiyoyin ƙwadago ne suka tsaya a kai har aka yi.